Sabuwar ƙungiya: wane bugu na Dungeons & Dragons ya dace mu fara da shi?

Sabon_Jagora:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu shida ne muke shirin fara Dungeons & Dragons, wasan nan na tebur inda kowa yake taka rawar jarumi a cikin labari, biyar 'yan wasa, ni kuma zan riƙe jagoranci. Babu wanda ya taɓa zama a teburin irin wannan wasa a cikinmu. Za mu riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, kamar awa uku, da takarda da fensir da dayis.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan bugu. Bugu na biyar kansa iri biyu ne, na 2014 da na 2024. Wasu suna ta yabon tsohon bugu na 3.5, wasu kuma suna cewa a bar su duka a kama Pathfinder, wani wasa mai kama da shi. Biyu daga cikin 'yan wasan faɗa da lissafi suke so, sauran ukun sun fi karkata ga labari da hira da mutanen cikin labarin. Wanne zan ɗauka? Za a iya haɗa na 2014 da na 2024 a tebur ɗaya? Kuma dole ne sai an sayi manyan littattafan nan uku, na ɗan wasa, na jagora da na dodanni, kafin a fara?

Malam_D20:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa. Amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a. Kada ka sayi komai tukuna. Kamfanin Wizards of the Coast ya saki ƙa'idojin kyauta na bugun biyu. Na 2014 suna ɗauke da sana'o'i huɗu, wato nau'o'in jarumin da ake zaɓa: mayaƙi, ɓarawo, boka da mai warkarwa. Na 2024, waɗanda suke a shafin intanet na D&D Beyond, suna da sana'o'i goma sha biyun duka, kowace da reshe ɗaya, wato fannin ƙwarewa a cikin sana'ar. Ko wanne ka ɗauka zai riƙe ku watanni.

Shawarata bugu na biyar, kuma tunda ba ku da tsohon littafi a hannu, na 2024. Ƙashin bayan bugun biyu ɗaya ne. Ka jefa d20, wato dayis mai fuska 20, ka ƙara makin halinka kamar ƙarfi ko basira, ka ƙara makin ƙwarewa idan ka iya abin, sai a gwada da adadin da jagora ya sa. Makin ƙwarewa yana farawa daga +2 a mataki na 1, bai wuce +6 ba har mataki na 20. Idan yanayi ya ba ka fifiko, ka jefa d20 biyu ka ɗauki babba; idan naƙasu ne, ka ɗauki ƙarami. Wannan ƙa'ida ɗaya ta share tarin ƙananan +1 da +2 da tsofaffin bugu suke sa mutum ya haddace. Kuma tana da nauyi: jifan da yake buƙatar 11 zuwa sama, damar cinsa rabi da rabi ce, amma da fifiko ta koma uku cikin huɗu.

Abin da ya sa na fi son na 2024 ga sababbi shi ne tsarin littafin. Ya fara da koyar da yadda ake wasan kafin ya shiga ƙirƙirar jarumi, kuma akwai jerin ƙa'idoji a baya bisa haruffa, inda za ka samo ma'anar faɗuwa ƙasa ko makanta ko kamu cikin daƙiƙu. Jagoran da yake karantawa da Turanci yana bayyana wa mutanensa a tsakiyar faɗa zai san darajar wannan.

Na biyu, jarumin mataki na 1 ya fi wuyar mutuwa. Sihirin Cure Wounds yana warkar da 2d8, wato dayis biyu masu fuska 8, maimakon 1d8. Shan kwalbar magani ya koma ƙaramin aiki, wato mutum zai sha kuma ya kai hari a layinsa ɗaya, alhali a na 2014 shan maganin yakan cinye babban aikinsa. Kwanton ɓauna ma an rage masa kaifi: a da wanda aka shammata ba ya motsi ko aiki a zagayen farko gaba ɗaya, yanzu naƙasu kawai yake samu a jifan da ke tsara layi.

Na uku, kowace sana'a tana zaɓen reshenta a mataki na 3. A na 2014 mai warkarwa yana zaɓa tun mataki na 1, boka a na 2, mayaƙi a na 3. Ke nan a tsohon tsari ana tambayar wanda bai taɓa jefa dayis ba ya yanke hukuncin da zai bi shi har ƙarshen wasa tun ranar farko. Jinkirtawar ta fi.

Yar_Taswira:

Malam_D20, bayaninka daidai ne, sai dai akwai gefen da ka bari, kuma shi ne zai fi taɓa mutum ukun nan masu son labari. Jarumin 2024 ya fi ƙarfi saboda kayansa sun fi yawa, kaya kuwa ɗauka ake yi. A mataki na 1 kowa yana da baiwa ɗaya, wato wata iyawa ta musamman, daga asalinsa, wato rayuwar da ya yi kafin ya fita kasada. Masu yaƙi kuma suna da ƙwarewar makami, iri takwas ne a littafin. Mayaƙi yana farawa da makamai uku da ya ƙware a kansu. Ɗauki Topple: duk bugun da ya samu, sai jagora ya yi wa dodo jifan tsira na juriya, wato jifan d20 don kauce wa illa, in ya faɗi ya kwanta ƙasa. Vex kuma yana ba da fifiko a hari na gaba kan abokin gaba ɗaya, sai an tuna da shi zuwa zagaye mai zuwa. Sap yana sa wa dodo naƙasu a harinsa na gaba, shi ma sai an tuna. Ga mutum biyun nan masu son lissafi wannan daɗi ne. Ga jagoran da yake koyon riƙe dodanni huɗu a lokaci ɗaya, ƙarin abin mantuwa ne, kuma kowane zagaye yana ƙara tsawo. Da 'yan wasa biyar sababbi, faɗa ɗaya zai iya cinye sulusin zamanku.

Don haka ni na 2014 zan ba ka, musamman idan za ka samu akwatin farawa na wannan shekarar, mai labarin Lost Mine of Phandelver. Yana kai jarumai daga mataki na 1 zuwa na 5, yana zuwa da jarumai biyar da aka riga aka cike takardunsu, daidai da yawanku, kuma akwai gari mai cike da mutanen da masu son hira za su yi ta magana da su. Idan 2024 ka zaɓa, akwatin da aka yi masa shi ne Heroes of the Borderlands, ya fito a 2025.

Yanzu maganar haɗawa. Kamfanin ya ce bugun biyu suna tafiya tare, kuma a wajen labarai gaskiya ne: za ka iya gudanar da tsohon labari da sababbin ƙa'idoji. Amma haɗa littafin ɗan wasa biyu a tebur ɗaya, ga sababbi, taura biyu ce. Bari in nuna inda yake tsinkewa.

Ƙarin makin hali shi ne na farko. A na 2014 jinsin jarumi, wato irin halittarsa kamar mutum ko elf, shi ne yake ba da shi, a na 2024 kuma asalinsa, +2 da +1, ko +1 a wuri uku. Wanda ya ɗauko jinsi daga tsohon littafi da asali daga sabo, bai karanta gargaɗin ba, zai karɓa sau biyu ya fi kowa a tebur. Sabon littafin ya faɗa ƙarara a jefar da ƙarin tsohon jinsin, amma sabon ɗan wasa ba ya ganin irin wannan ƙaramin rubutu.

Sai sihiri masu suna ɗaya da aiki daban. Mutum biyu za su ce Healing Word, ɗaya ya jefa 1d4, ɗaya 2d4. Haka dokar yin sihiri biyu a layi ɗaya: tsohuwar ta ce idan ka yi sihiri da ƙaramin aiki, abin da ya rage maka sai ƙaramin sihirin da ba ya cin gurbi, wato ɗaya daga ƙidayayyun damar yin sihiri da mai shi yake da su, sabuwar ta ce gurbin sihiri ɗaya kawai za ka kashe a layinka. Suna kama da juna, amma ba ɗaya ba ne, kuma nan gardama take tashi. Kokawa ma haka: a da gasa ce, kowa ya jefa a gwada, yanzu wanda ake son kamawa ne yake jifan tsira a kan 8 da ƙarin ƙarfin mai kamun da makin ƙwarewarsa. Gajiya kuwa an sake ta gaba ɗaya, yanzu kowane mataki nata yana rage 2 daga jifan d20 da ƙafa 5 daga tafiya.

Wanda ya fi haɗari shi ne lissafin faɗa, don shi ne yake kashe jarumai. Ɗauki gobilin huɗu, kowanne maki 50, jimla 200. Littafin jagora na 2014 ya ce dodanni uku zuwa shida a ninka su biyu, ya zama 400. Jarumai biyar na mataki na 1 suna shiga faɗa mai wuya daga 375, mai kisa daga 500. Ke nan faɗa ne mai wuya. Littafin 2024 ya cire ninkin. A wajensa 200 ne kawai, bai ma kai 250 na faɗa mai sauƙi ba. Jagoran da ya yarda da wannan ya ƙara gobilin ya kai takwas, alhali jarumansa na 2014 ne, zai share teburin. Duba lissafin: gobilin yana da +4 a hari, saransa 1d6+2. Boka mai makin rai 8 da kariya 12, wato adadin da hari zai kai kafin ya same shi, ana samunsa da 8 zuwa sama, wato sau 13 cikin 20, kuma sara biyu matsakaita sun kwantar da shi. Dodannin sabon littafi ma sun fi cizo: gobilin ya tashi daga rai 7 zuwa 10, kerkeci kuma in ya ciji jarumi sai ya kayar da shi kai tsaye, babu jifan tsirar da tsohon bugu yake bayarwa. Littafin ɗan wasa, lissafin faɗa da dodanni su fito daga shekara ɗaya, aƙalla har ka san ƙarfin mutanenka da idonka.

Tsohon_Kurkuku:

Ƙanena, kafin ka rufe magana a kan bugu na biyar, ka san akwai wata hanya da ta girme shi. Wasan ya fito a 1974 daga Gary Gygax da Dave Arneson, kuma a 1981 aka fitar da bugun da ake kira B/X, ƙananan littattafai biyu masu shafi 64 kowanne, na Tom Moldvay da David Cook. Littafin ɗan wasa na 2024 shi kaɗai shafi 384 ne. Old-School Essentials ƙa'idojin B/X ne aka sake shiryawa da tsabta, shi ake samu cikin sauƙi yanzu.

Ƙirƙirar jarumi minti goma ce: 3d6 sau shida a jere, ka duba abin da ya fito, ka zaɓi ɗaya cikin sana'o'i bakwai, ka sayi igiya da tocila da makami. Babu baiwa, babu jerin fasahohi. Idan mutum yana son gano tarko, sai ya faɗi inda zai taɓa da abin da zai taɓa da shi. Mafi yawan makin ci gaba daga dukiya yake fitowa, maki ɗaya a kan kowane zinare da aka fitar daga kurkuku, saboda haka faɗa asara ce in ana iya kauce masa. Idan aka haɗu da dodo, jagora yana jefa 2d6 ya ga ko zai yi faɗa, ko zai tsaya, ko zai saurari magana, kuma a tsakiyar faɗa akwai wani 2d6 da zai sa dodanni su tsere. Mutanenka masu son hira za su samu aikin yi a nan fiye da yadda ake zato, don yaudara da ciniki da sulhu su ne hanyar tsira.

Amma ka san farashinsa. Rai ya kai sifili, jarumi ya mutu, babu jifan ceto. Boka yana farawa da d4 na rai da sihiri ɗaya tak a rana. Wanda ya kwana yana rubuta tarihin jaruminsa shafi uku, aka kashe shi a ɗaki na biyu, da wuya ya dawo mako mai zuwa. Kuma jagora sai ya riƙe lokaci: kowane juyi minti goma ne, tocila tana ƙonewa a juyi shida, duk juyi biyu ana jefa d6 a ga ko dodo mai yawo ya iso. Wanda ya yi watsi da wannan lissafi ya cire abin da yake sa wasan ya yi zafi, sai ya zama tafiya a ɗakuna kawai. Idan mutanenka suna son zama manyan jarumai tun farko, bi shawarar 'yan'uwan nan biyu.

Uku_Uku:

Tunda an ambaci 3.5 da Pathfinder, bari in raba su, don ba abu ɗaya ba ne.

3.5 na 2003 ne, Pathfinder na farko kuma, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009, a kansa aka gina shi. Dukansu ba na sabuwar ƙungiya ba ne. Ƙari iri-iri ne, wasu suna haɗuwa, wasu ba sa haɗuwa, kuma baiwa da yawa suna da sharaɗin da sai an tsara shi tun mataki na 1. Mutum biyun nan naka masu lissafi za su gina jarumai masu ninka na sauran ukun ƙarfi, ba da mugunta ba, sai ka rasa dodon da zai dace da kowa. Bugu na huɗu na 2008 faɗansa yana da kyau, amma ba ya yiwuwa sai da taswira mai gidaje, kuma faɗa ɗaya yakan daɗe.

Pathfinder na biyu, na 2019, wanda aka sake gyarawa a 2023, shi ne ya cancanci ka duba. Kowa yana da aiki uku a layinsa, ya kashe su yadda ya so: tafiya, hari, ɗaga garkuwa, buɗe ƙofa. Babu rabon babba da ƙarami. Hari na biyu a layi ɗaya yana da ragin 5, na uku ragin 10, saboda haka mutum yakan koyi yin wani abu da aikinsa na uku, kamar tsorata abokin gaba. Idan ka wuce adadin da ake nema da 10, babbar nasara ce. Ka gaza da 10, babbar faɗuwa. Shi ya sa +1 ɗaya yake da daraja, kuma taimakon juna dole ne.

Ga jagora, babbar ribarsa lissafin faɗa ne, don yana faɗin gaskiya. Ga jarumai huɗu, 80 matsakaici ne, 120 mai tsanani, 160 na a mutu ko a yi rai. Dodon da yake matakinsu 40 ne, wanda ya fi su da biyu 80, da uku 120. Da mutum na biyar sai ka ƙara 20 a matsakaici, 30 a mai tsanani. Inda sababbi suke faɗawa rami shi ne su ga dodo ɗaya ne kawai su raina shi: wanda ya fi su da mataki uku yana yawan samun babbar nasara a kansu, su kuma suna ta kuskure. Ƙa'idojin duka kyauta ne a shafin intanet na Archives of Nethys. Sharaɗin kawai, kowane ɗan wasa sai ya karanta takardar jaruminsa da kansa. Idan ukun nan ba masu karatun ƙa'ida ba ne, nauyin duka kanka zai dawo.

Sabon_Jagora:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na san mutanena, ukun nan ba za su yi karatu tsakanin zama da zama ba, kuma ba za su ji daɗin mutuwar jarumi da wuri ba. Ke nan bugu na biyar ne. Zan fara da ƙa'idojin kyauta na 2024 tunda su za a ci gaba da bugawa. Yar_Taswira, yaya zan rage nauyin nan da kika faɗa ba tare da na ɓata wasan ba? Kuma sai na nemi taswira da 'yan gumakan nan?

Yar_Taswira:

To madalla, zai yi. Ka cike takardun jarumai da kanka kafin ranar, shida ko bakwai, su zaɓa. Yi amfani da jerin maki na littafin, 15, 14, 13, 12, 10, 8, kada a jefa dayis, don kada wani ya fito da 18 wani kuma babbansa 12. Ka bar musu suna, kamanni da dalilin fita neman kasada, nan ne masu son labari za su zuba ƙarfinsu. Su ukun ka miƙa musu mayaƙi, ɓarawo ko mai warkarwa. Boka da littafin sihirinsa ka ba ɗaya daga cikin masu lissafi.

Wajen ƙwarewar makami, zaɓar musu waɗanda suke ƙarewa nan take. Graze, idan hari ya kuskure, yana cire wa dodo rai daidai da ƙarin halin mai harin, shi ke nan. Push yana tura shi baya har ƙafa 10. Babu abin tunawa. Vex da Sap ka bar wa masu son su, da sharaɗin su ne za su tuna maka. Wanda ya manta, ta wuce, ba a komawa baya.

Kowane mai sihiri ya rubuta sihirinsa a ƙananan katuna: nisa, dayis, da ko yana buƙatar riƙe hankali. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Sihiri ɗaya irinsa ake riƙewa a lokaci guda, kuma duk sanda aka ji wa mai shi rauni sai ya yi jifan tsira na juriya a kan 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa.

Faɗan farko ya zama ƙarami, dodanni uku, kada su kai yawan jarumai, kuma babu kwanton ɓauna. Ka ɗaga su zuwa mataki na 2 a ƙarshen zaman farko, na 3 bayan zama biyu ko uku, ba sai ka ƙirga maki ba. Mataki na 1 shi ne mafi haɗari a wasan, babu amfanin daɗewa a cikinsa.

Taswira ba dole ba ce ga ƙaramin faɗa, amma da mutum biyar da makaman da suke tura dodo, za ka buƙace ta. Babbar takarda mai gidaje ta isa, kowane gida inci ɗaya a matsayin ƙafa 5, yawancin jarumai suna tafiya gida shida. Maɓallai masu launi daban su tsaya a madadin gumaka, ka rubuta lamba a kan na dodanni don ka san wanne aka sara. Dayis kuma saiti biyu ko uku sun ishe ku, amma a samu d20 aƙalla biyu a gaban kowane gefen tebur saboda jifan fifiko.

Malam_D20:

Ƙari ɗaya a kan na 'yar'uwa. Idan ka buɗe D&D Beyond ko kana neman sihiri a intanet, ka duba shekarar kafin ka kwafa, don tsofaffin suna nan da alamar Legacy a jikinsu, kuma bincike yakan fara kawo na 2014. Rubuta 2024 a saman kowace takardar jarumi. In wata ƙa'ida ta rikice a tsakiyar wasa, yanke hukunci cikin minti ɗaya, ka rubuta tambayar a gefe, ka duba bayan an tashi, ka sanar da su a farkon zama na gaba. Littafin da za ku fara saya idan kun kai mataki na 3 shi ne na ɗan wasa, don a lokacin ne za su so ganin rassa huɗun kowace sana'a maimakon ɗayan da yake cikin na kyauta.